Tantance Shafukan Ilmi na Intanet

Hausawa kan ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka, ɗalibi ko ma'aikaci ya fara auna shafin ilmi da abin da ya riga ya sani. A fannin labarin ƙasa, shafin da ya sa Gummi cikin Jihar Sakkwato ya tsufa, domin an ƙirƙiro Jihar Zamfara tun 1996. A fannin kimiyya kuwa, sai ya duba bayanin gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum cikin 2010. Shafi nagari zai bayyana musabbabinta, watau dakan duwatsun zinariya cikin gidaje, ya kuma ambaci marubuci da shekara da madogara. Shafin da ya kuskure labarin gida, ba a amince masa a kan na nesa.