Ba Kowace Faɗuwa Ce Ta Aljanu Ba: Yaranmu Da Shan Ƙwaya A Makaranta



Sau da yawa ana kawo mini yaro ɗan sakandare, a ce Malam, ya faɗi a aji yana kumfa, a yi masa ruƙiyya. Ina yi, don Alƙur'ani waraka ne. Amma kafin na fara sai na sa uban ya fita, na dubi idon yaron, na tambaye shi a hankali. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sai ka ji tiramol ne.

Ka sani maigida, tiramol maganin ciwo ne, likita kan ba da mai lamba 50 ko 100. Wanda ake sayar wa yara a ɓoye mai lamba 200 ne ko 225, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaro kan fara ne wai don ƙarfin ƙwallo ko kwanan karatun jarrabawa, kuma ta farko aboki ne ke ba shi kyauta. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta isa. Daga nan kuɗin tara ya daina kaiwa, sai ka fara neman caja da ƙarfen guga a gida ka rasa.

Kowanne da alamarsa. Mai shan kodin yana yawan gyangyaɗi da soshe-soshe, bayan gida ya yi masa wuya, baƙin idonsa ya tsuke kamar bakin allura. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau ana zuba shi a robar lemo, kuma 'yan mata ma suna sha, don haka uwargida kar ki ce naki mata ne. Mai wiwi idonsa ja, ga ci kamar gara. Mai sholisho za ki ji warin gam a hannun rigarsa. Roci kuwa yakan bar shuɗi a harshe.

Zaƙami fa? Wannan fannina ne. Yana fitowa a juji da bayan katanga, kakanninmu ba banza suka kira shi haukata-yaro ba. 'Ya'yansa na busar da baki, su buɗe baƙin ido, jiki ya ɗau zafi, yaro ya dinga magana da abin da babu. Yana kisa. In ya fito kusa da gidanka ko makaranta, a tumɓuke shi a ƙona.

Hukunci a fili yake. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, malamai kuma sun haɗa duk abin da ke gusar da hankali a ƙarƙashinta, don kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Ka gaya wa ɗanka wannan tun yana firamare, kafin wani ya gaya masa akasinsa a bayan aji.

Iyayen da na ga sun ci nasara ba masu bulala ba ne. Su ne masu cin tuwon dare tare da 'ya'yansu, waɗanda suka san abokan yaro da gidajensu, suke leƙawa makaranta ba tare da sanarwa ba, su tambayi malamin aji ko yaron yana dawowa bayan tara. Suna kuma kulle ragowar magungunan gida, don wani yaron daga durowar uwarsa ya fara.

To in ka riga ka kama shi fa? Kar ka kore shi, wanda ya sayar masa ne zai ba shi masauki. Kar ka kai shi gidan mari, mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna a 2019, yara cikin sarƙa. Kuma kar ka kulle shi a ɗaki ka ce ya daina yau. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin zai shiga zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, mai shan diyazefam kuwa yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga. Likita ne ke ragewa sannu a hankali. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara.

Zuma da habbatus sauda da zogale ina ba da su don dawo da cin abinci da ƙarfin jiki, tare da azkar na safe da yamma. Amma duk wanda ya ce maka yana da garin da zai wanke ƙwaya daga jini a kwana uku, wallahi kuɗinka yake so.

In yaro ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali, kar a ɗura masa madara ko manja. In numfashinsa ya yi ƙasa ko ya ƙi farkawa, a garzaya asibiti, a tafi da kwalin ko robar abin da ya sha.

Allah Ya shirya mana zuri'a. A tura wa sauran iyaye.