Wuridi da Halwa a Ƙasar Abzin: Ƙa'idojinsu da Haɗarin Shigarsu Babu Jagora

Birnin Agadas, wanda aka gina hasumiyar babban masallacinsa a wajajen 1515, ya daɗe yana cikin manyan cibiyoyin sufanci na kudancin Sahara. A ƙarni na 16 ne Sidi Mahmudu Albagdadi ya yaɗa tafarkinsa na zikiri a duwatsun Abzin, kuma a Agadas ɗin ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. A ƙarni na 20 Shaihu Musa Abatul ya farfaɗo da ɗariƙar Halwatiyya a yankin, wadda ke rayuwa har yau tare da Ƙadiriyya da Tijjaniyya.

Wuridi shi ne adadin zikiri da muridi, wato almajirin ɗariƙa, ke lazimta a ƙayyadadden lokaci bayan ya karɓi izini daga shehi ko muƙaddami. Batijjane yakan ja istigfari 100, salatin Annabi 100 da hailala 100 safe da yamma, alhali a Halwatiyya ana hawa da muridi kan sunaye bakwai na zikiri, daga kalmar shahada zuwa Ƙahharu, ba ya kuma wuce ɗaya sai shehinsa ya ga alamar ya ƙware a kai. Halwa kuwa keɓewa ce daga mutane, wani lokaci har kwana 40, tare da azumi da rage barci da yawan ambaton Allah.

Wannan tsari yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ilimin ɗibbu, wanda ya kasa ɗabi'ar jiki zuwa zafi da sanyi da danshi da bushewa. Hausawa da Buzaye duk suna rarrabe cututtuka da abinci zuwa masu zafi da masu sanyi, malaman asirai ma sukan ce wasu sunayen da ake zikiri da su suna da zafi, don haka wanda jikinsa ke da zafi da bushewa, idan ya haɗa yunwa da rashin barci da dubban ƙirga, yana iya cutuwa.

Illolin da ake ambata sanannu ne: ciwon kai, firgita, jin muryoyi, ƙaurace wa iyali, da taɓin hankali. Sufaye suna bambance majazubi, wanda shauƙin Ubangiji ya fizge hankalinsa, da wanda ya taɓu saboda ya ɗauko wuridi a littafi babu izini, abin da jama'a kan danganta da rauhanai. Binciken da masana na Jami'ar Brown ta Amurka suka wallafa a 2017 ya nuna cewa masu zurfafa tunani a tafarkin Buda ma sukan gamu da tsoro da rikicewar barci da ta fahimta.

Saboda haka izini kariya ce ga lafiyar muridi, domin shehi ne ke auna adadi, ya lura da cinsa da barcinsa, ya kuma fito da shi daga halwa idan ya ga alamar ruɗewa. Yanzu da ake samun wuridai ta waya babu mai sa ido, wajibi ne malamai su tsananta wannan gargaɗi, iyalai kuma su gaggauta kai wanda ya rikice asibiti ba tare da sun bar addu'a ba.