Zanen Yaƙin Adwa: A Dubi Fuskoki

Mai karatu, in ka samu ganin zanen Yaƙin Adwa da ke gidan tarihi na British Museum a Landan, fara da duban fuskoki. Mayaƙan Habasha an zana su gaba da gaba, idanu biyu a bayyane. Sojojin Italiya kuwa ta gefe aka nuna su, ido ɗaya kurum. A al'adar masu zanen Habasha, haka ake rarrabe mutumin kirki da mugu.

Ga Sarki Menelik ƙarƙashin laima, ga Sarauniya Taytu bisa doki da ƙaramar bindiga a hannu. Nasarar da suka samu ran 1 ga Maris 1896 ce ta tilasta wa Italiya amincewa da 'yancin Habasha. Wannan karon ɗan Afirka ne ya riƙe burushin fenti, shi ya faɗi wane ne mugu.