Arba'in ɗin da ba a yi wa matar da aka cire wa mahaifa

Macen da aka gano tana da sankarar bakin mahaifa, ko ta cikin mahaifa, ko ta ƙwan haihuwa, daga Wudil yawanci Kano ake tura ta, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko wani babban asibiti, a yi mata tiyata. Kwanaki kaɗan ake sallamo ta. Dangi su cika gida da barka da arziki, mako guda ya wuce, kowa ya kama gabansa. Daga nan sai tsintsiya da guga da muciya su dawo hannunta. Da yamma ta ga ɗigon jini a zaninta, gabanta ya faɗi: ko cutar ce ta dawo?

Galibi ba ita ba ce. Idan likita ya cire mahaifa, yana ɗinke saman farji daga ciki da zaren da ke narkewa da kansa. Wannan ɗinki ba wanda ke ganinsa, kuma ya fi na kan mara jinkirin warkewa. Ɗigon jini kaɗan, ja-ja ko ruwan ƙasa, yana iya ɗaukar mako shida yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ya ɗan ƙaru a mako na biyu zuwa na uku, sa'ad da zaren ya fara saki. Duk aikin da zai sa mace ta yi nishi tana matse ciki, ƙarfinsa kan ɗinkin nan yake sauka. Shi ya sa jinin kan biyo bayan ranar da aka yi wanki ko surfe.

Likitoci kan ce kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo biyar har mako shida. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ninki biyar ke nan. Goyon jika, daka, jan ruwa a rijiya, tuƙin tuwon gida guda, duk sun haura wannan iyaka. Taurin bayan gida ma yana sa nishi da matse ciki, don haka a yawaita ruwa da ganye kamar zogale da rama.

Abin da ya fi damuna shi ne mun san wannan ilimi tun kaka da kakanni. Mako shida kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗin mai jego. Wadda ta haihu ana kawo mata tsohuwa ko ƙanwa, a ɗauke mata girki, miji ya san ba ya kusantarta. Wadda aka yanka cikinta aka fitar da mahaifa kuwa, da yake babu jariri a hannu babu suna, sai a ga tana takawa a ce ai ta warware. Ita ma kunya ba ta barinta ta kwanta kishiya ko suruka na aiki. Maganar hutu ba ita za a bar wa ba, maigida ne zai tsaya a kanta, shi ne kuma zai haƙura da shimfiɗa har sai likita ya duba ya ce ɗinkin ya kama, ko da an kai wata biyu ko uku. Sai dai a ɗauki hutun jego a bar sauran: ban da zama cikin ruwan zafi, ban da matsi ko cusa wani magani a gaba.

Hutu kuma ba kwanciya ce wuni guda ba. Sankara da tiyata duk suna sa jini saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, maganinsa ɗan tattaki a tsakar gida sau da yawa a rana, ana ƙarawa a hankali. Idan ɗigon ya ƙaru bayan wani aiki, ta ajiye aikin, ta huta kwana ɗaya ko biyu, ta sa ido.

Akwai jinin da ba a jira da shi. Idan ja wur ne yana jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko yana fita da guda-guda, ko ruwa mai wari na zuba, ko ga zazzaɓi, jiri, ciwon mara mai tsanani, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, a tafi Babban Asibitin Wudil nan take, ko da tsakar dare ne, a riƙe takardar sallama don ma'aikata su san aikin da aka yi. Kada a tsaya a kemis, kada a ce sai gari ya waye a kama hanyar Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Wadda aka gano tata da wuri har tiyata ta yiwu tana cikin masu rabo. Ranar da aka rubuta mata ta komawa asibiti ce za a ga sakamakon naman da aka cire, a san ko za a ci gaba da allurai ko gashin cutar da na'ura. A nema mata mota ranar, kada a ɗora ta a kan babur.