Ƙirƙirarriyar Basira da Ɗaukar Ma'aikata Zuwa Ƙasashen Waje: Bayani Ga Al'ummar Gwarzo da Kabo

Fita neman halaliya ba sabon abu ba ne ga al'ummar yammacin Jihar Kano. Tun iyaye da kakanni, da zarar an kammala girbi, magidanta daga Unguwar Tudu da Getso da Lakwaya da ƙauyukan Kabo sukan tafi cin rani, su dawo gab da faɗuwar damina. Abin da ya sauya shi ne nisan tafiyar da kuma hanyar neman aikin. A yau ma'aikaciyar jinya ko direba ko mai walda yana iya aika takardunsa zuwa Saudiyya ko Qatar ko Birtaniya ta wayar hannu, ba tare da ya hau motar Gwarzo zuwa Kabuga ba. Sai dai da yawa daga cikin masu neman ba su san cewa a manyan kamfanoni, wanda ke fara duba takardun nan sau da yawa ba mutum ba ne, manhajar kwamfuta ce.

Ƙirƙirarriyar basira ita ce fasahar da ke bai wa kwamfuta damar koyo daga ɗimbin bayanan da aka ɗura mata, har ta iya karanta rubutu, ta fassara shi, ta kuma gano inda bayanai suka saɓa wa juna. Sashen kula da ma'aikata, wato ofishin da ke ɗaukar aiki da tsara albashi da adana fayil ɗin kowane ma'aikaci, yana amfani da ita wajen tace dubban takardu cikin ɗan lokaci. Takan tsamo shekarun ƙwarewa da shaidar karatu, ta gwada su da sharuɗɗan gurbin, sannan ta jera wa jami'i sunayen waɗanda suka fi dacewa. Haka kuma takan fassara yarjejeniyar aiki tsakanin Larabci da Turanci, ta tsara lokacin ganawa bisa la'akari da cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2.

Amma aikin da ya fi nauyi shi ne na kiyaye doka, domin kowace ƙasa da nata ƙa'idojin, kuma ba sa daɗewa ba su sauya ba. A shekarar 2011 Saudiyya ta ɓullo da tsarin Nitaqat, wanda ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa gwargwadon girman kamfani da irin sana'arsa, kuma kamfanin da ya gaza ana taƙaita masa izinin shigo da baƙi. Ƙasar ta kuma mayar da rajistar yarjejeniyar aiki kan intanet, ta dandalin Qiwa ga ma'aikatan kamfanoni da Musaned ga masu aikin gida. A Birtaniya kuwa, a watan Maris na 2024 an hana masu aikin kula da tsofaffi da nakasassu shiga da iyalansu, sannan a watan Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbin irin waɗannan ma'aikata daga waje. Bugu da ƙari, Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, abin da ya sa ƙa'idar Birtaniya ta hana zuwa farautar likitoci da ma'aikatan jinya a nan, duk da cewa mutum na iya nema da kansa. Jami'in da ke ɗaukar ma'aikata daga ƙasashe goma ba zai iya riƙe wannan duka a ka ba. Manhajar ce ke tunatar da shi cewa fasfon wane ya kusa ƙarewa, ko iƙamar wance na buƙatar sabuntawa. Ko a nan gida, masana'antar da ke Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ba za ta kawo injiniya daga Sin ko Indiya ba sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da katin zama na Hukumar Shige da Fice, kuma kowanne yana da ranar ƙarewa.

Inda lamarin ya fi shafar mutanenmu shi ne batun suna da ranar haihuwa. A al'adarmu ba abin mamaki ba ne mutum ya zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a sakamakon jarrabawar sakandare, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wani ya yi karatu da sunan mahaifinsa, da ya shiga babbar makaranta sai ya ƙara da Gwarzo ko Kabo a ƙarshe, kamar yadda magabata suka saba yi. Wata kuma ta sauya zuwa sunan miji bayan aure ba tare da takardar rantsuwa ta kotu ba. Ga kuma waɗanda aka haifa a gida ba a yi musu rajista ba, daga baya aka yanka musu 1 ga Janairu a wata takarda, wata ranar daban a wata. Jami'in da ya tashi a Kano yana gani ya san mutum ɗaya ne. Manhajar da ke Riyad ko Landan kuwa tana iya ɗaukar su mutane uku, ko ta yi wa fayil ɗin alamar tuhuma, mai shi ya yi ta jiran amsa bai san abin da ya tsayar da shi ba. A ganinmu, matashin da ya ɓata mako guda yana daidaita sunansa a lambar shaidar ɗan ƙasa da fasfo da takardun makaranta ya fi wanda ya sayar da gona ya bai wa dillali kusa da samun aiki.

Masu tunanin bin ɓarauniyar hanya kuma su lura da abin da ya faru a 2023, lokacin da hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya ta bi diddigin bayanan kwamfuta na wata cibiyar jarrabawa da ke Ibadan. An gano cewa wasu sun kammala jarrabawar cikin saurin da hankali ba zai ɗauka ba idan aka gwada da sauran cibiyoyin duniya. Aka soke sakamakon dukkan waɗanda suka zauna a cibiyar, kusan mutum 2,000, har da waɗanda ba su aikata komai ba, aka ce su sake.

Wannan ba yana nufin na'urar ba ta kuskure ba. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace masu neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda ta yi koyo ne daga takardun shekaru 10 waɗanda akasarinsu na maza ne. Ta irin wannan hanya, manhajar da ba ta saba da tsarin iliminmu ba tana iya kasa gane darajar Babbar Difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, abin da masu riƙe da ita suka daɗe suna fama da shi ko a hannun 'yan Adam. Don haka ne dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta sanya manhajojin ɗaukar aiki cikin rukuni mai babban haɗari. A Najeriya ma, sashe na 37 na Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ya bai wa mutum haƙƙin ƙin amincewa da hukunci mai muhimmanci da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, da neman ɗan Adam ya sake dubawa.

Wajibi ne kuma a faɗakar da jama'a cewa 'yan damfara su ma sun rungumi fasahar. A da, gurɓataccen Turanci kan tona asirin takardar ɗaukar aiki ta bogi. Yanzu kuwa za a iya haɗa ta tsaf, da tambari da sa hannu, cikin 'yan mintoci. Kyan takarda ya daina zama hujja. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta haramta ɗaukar ɗan Najeriya aiki zuwa waje ba tare da lasisi ko izinin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ba, kuma a 2023 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda asalin ƙa'idarta shi ne kada dillali ya karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci. Bizar Umara ba izinin aiki ba ce, komai daɗin bakin wanda ya ce za a gyara a can.

Saboda haka ana kira ga iyaye da dagatai da masu unguwanni da limamai a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da su riƙa tambayar sunan kamfanin dillali da lambar lasisinsa kafin a biya ko sisi, a kuma tabbatar da su a ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. Wanda aka nemi ya miƙa fasfonsa ga dillalin da ya ƙi nuna lasisi, ko aka ce a tura 'yarsa aikin gida ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ya kai rahoto ofishin shiyya na hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP da ke Kano.