Buɗe Folda ga Jama'a a Uwar Garken Intanet: Yadda Ake Yi da Abin da Kan Biyo Baya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wani ɗan ƙaramin aiki da masu kula da shafukan intanet kan yi, wanda sau da yawa bai wuce canza kalma ɗaya tak ba, amma sakamakonsa kan shafi asirin ofis ko makaranta baki ɗaya. Aikin kuwa shi ne ba wa uwar garke izinin nuna wa baƙo jerin fayilolin da ke cikin folda. Abin da ake nufi da uwar garke a nan shi ne manhajar da ke cikin wata kwamfuta, wadda ke ajiye shafuka tana miƙa su ga duk wanda ya nema ta hanyar burauza.

Abin da kan faru idan an nemi folda

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ɗakin rajista. Idan mutum ya je da lambar fayil, akawu zai ɗauko masa shi. To, amma idan sunan kabad kawai ya faɗa, ɗayan abu uku akawun zai yi: ko dai ya ba shi wata takarda da aka riga aka tanada domin masu irin wannan tambaya, ko ya hana shi, ko kuma ya miƙa masa littafin da ke ɗauke da sunayen duk fayilolin da ke cikin kabad ɗin.

Haka uwar garke take yi. Idan adireshin da aka rubuta ya tsaya a kan folda, da farko takan duba ko akwai shafin maraba, wanda galibi sunansa index.html. In akwai, shi za ta nuna. In babu, sai ta koma ga umarnin da aka ba ta. Idan an yarje mata, sai ta shirya shafi da kanta mai ɗauke da sunan kowane fayil da girmansa da ranar da aka gyara shi. Idan kuwa ba a yarje mata ba, sai ta mayar da amsar ƙi. Apache da nginx kan ba da lamba 403, wato an hana, ita kuwa Tomcat takan ba da 404, wato kamar ma babu foldar.

Yadda ake buɗewa

Za a ɗauki Tomcat a matsayin misali, domin tana cikin manhajojin da aka fi dogara da su wajen gudanar da shirye-shiryen da aka rubuta da harshen Java. An fara ƙirƙiro ta a kamfanin Sun na Amurka, aka kuma miƙa ta ga gidauniyar Apache a 1999. A cikinta akwai wani sashe mai suna DefaultServlet, wanda aikinsa miƙa fayilolin da ba sa bukatar sarrafawa, irin su hotuna da takardu. Umarnin da wannan sashe ke bi yana cikin fayil ɗin web.xml a foldar conf. A nan ne ake samun kalmar listings, a ƙarƙashinta kuma an rubuta false, wato a'a. Idan aka mayar da ita true, wato i, aka sake tayar da uwar garken, to, jeri ya buɗu.

Sai dai ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, gyaran da aka yi a foldar conf yana shafar dukkan shirye-shiryen da ke kan wannan uwar garke. Saboda haka mai son buɗe shiri guda kaɗai sai ya maimaita bayanin DefaultServlet a cikin web.xml na shirin kansa, wanda ke cikin foldar WEB-INF. Na biyu, muddin akwai shafin maraba a folda, jerin ba zai fito ba ko da an ba da izini.

Sauran manhajoji ma haka abin yake, lafazin ne kawai ya bambanta. A Apache umarnin shi ne Options +Indexes. A nginx, wadda Igor Sysoev na ƙasar Rasha ya fitar a 2004, autoindex on ake rubutawa. A IIS ta kamfanin Microsoft kuwa, directoryBrowse ake kunnawa a cikin web.config.

Amfani da haɗari

Babu shakka buɗe jeri yana da amfani. Rumbunan da ke rarraba manhajoji kyauta, kamar na Debian da na gidauniyar Apache, da irin wannan jeri suke aiki, domin dubban fayilolinsu duk na jama'a ne, kuma da zarar an ajiye sabo zai bayyana ba tare da an gyara wani shafi ba. Hakazalika sashen jami'a da ke son raba tsofaffin takardun jarrabawa zai iya cin moriyarsa.

Haɗarin kuwa shi ne uwar garke ba ta san abin da ya kamata a gani ba. Abin da ta tarar shi take jerawa, har da tsohon kwafen da aka manta, da jadawalin albashi, da fayil mai ɗauke da kalmar sirri. Daɗin daɗawa, injinan bincike irin su Google kan bi waɗannan shafuka su adana su, ta yadda mai neman ɓarna ba ya bukatar wata gwaninta illa ya nemi kalmomin “Index of”, waɗanda Apache da nginx ke rubutawa a saman jerinsu. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar MITRE ta Amurka ta sanya wannan cikin kundinta na raunin manhajoji da lamba CWE-548. Har ila yau, masu Tomcat sun yi gargaɗi cewa jera folda mai ɗimbin fayiloli yana cin ƙarfin kwamfuta, musamman in aka yi ta nema a kai a kai.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar. Wasu kan ɗauka cewa da zarar an rufe jeri, fayilolin sun tsira. Ba haka ba ne. Littafin sunaye kawai aka ɓoye, kabad yana nan a buɗe, kuma duk wanda ya san sunan fayil, ko ya cinka daidai, zai same shi. Kullewa aiki ne dabam, wanda ake yi ta hanyar neman kalmar sirri, ko kuma ajiye fayil a inda uwar garke ba ta miƙa kome daga ciki, kamar WEB-INF a Tomcat.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa canza false zuwa true ba ya ɗaukar minti guda, amma hukunci ne da ya fi ƙarfin mai kula da kwamfuta shi kaɗai. A Nijeriya, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Don haka kafin a buɗe jeri, wajibi ne shugaban sashe ya san wace folda ce, a keɓe ta ga abin da aka amince kowa ya gani, a kuma naɗa wanda zai riƙa duba abin da ke shiga cikinta. Fayil ɗin da ba za a yarda a manna shi a allon sanarwa na bakin ƙofa ba, bai kamata ya kwana a wannan folda ba.