Monroeville: Garin da Kotu Ta Raina

A tsarin mulkin Amurka, kusan kowace jiha an kasa ta gunduma-gunduma, kuma kowace gunduma tana da gari guda da ke zaman mazaunin hukumarta, kwatankwacin hedikwatar ƙaramar hukuma a Najeriya, inda ake samun kotu da gidan yari da ofishin rajistar filaye da aure da gado. Monroeville, mazaunin gundumar Monroe a kudancin jihar Alabama, gari ne mai mutane kusan 6,000, wanda arzikinsa da shahararsa da abin kunyarsa duk daga kotu suka samo asali.

An kafa gundumar a 1815 a kan ƙasar da aka karɓe daga hannun 'yan asalin yankin, ƙabilar Creek, aka raɗa mata sunan James Monroe, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyar. A da hukumar tana zaune ne a Claiborne, garin kasuwanci da ke gaɓar kogin Alabama inda jiragen ruwa ke lodin auduga, amma a 1832 aka kai ta Monroeville, tsakiyar gundumar, domin sauƙaƙa wa manoma zuwa shari'a da biyan haraji. Lauyoyi da 'yan kasuwa suka bi sahun alƙali, Claiborne kuwa ta yi ta dusashewa har ta zama kufai. Noman auduga, wanda aka fara da gumin bayi baƙar fata, shi ya riƙe garin, sannan sana'ar katako, sai kuma masana'antar ɗinki ta Vanity Fair da aka buɗe a 1937, wadda ta samar wa mata da yawa aikin albashi.

Tsohuwar kotun, wadda aka gina da jan bulo a 1903, tana tsaye a tsakiyar dandalin garin da hasumiyarta mai agogo, kantuna na kewaye da ita, kuma a cikin zauren shari'arta akwai baranda ta sama inda baƙar fata kan zauna a zamanin wariyar launin fata. A kusa da wannan dandali Harper Lee, 'yar wani lauyan garin, ta taso tare da maƙwabcinta Truman Capote, dukansu suka zama marubuta. Littafinta To Kill a Mockingbird, wanda ya fito a 1960 ya kuma ci lambar Pulitzer a 1961, labarin wani baƙar fata ne da aka yi wa ƙage a wani gari mai kama da nata. Yau tsohuwar kotun ta zama gidan tarihi, kuma kowace shekara mutanen gari kan mayar da labarin wasan kwaikwayo, inda ake zaɓo fararen maza goma sha biyu daga cikin 'yan kallo su zauna a kujerun masu taya alƙali yanke hukunci, kamar yadda al'adar wancan zamani take.

Sai dai shaharar littafin ba ta hana a maimaita zaluncin da ya yi tir da shi ba. A 1988 aka yanke wa Walter McMillian, baƙar fata ɗan gundumar, hukuncin kisa bisa zargin kashe wata budurwa farar fata a Monroeville a 1986, duk da cewa shaidu da dama sun ce a lokacin yana gida tare da su ana suyar kifi. Sai a 1993 aka sake shi, bayan lauya Bryan Stevenson ya tabbatar da cewa shaidar ƙarya aka yi masa. Saboda haka, wanda zai yi wa Monroeville adalci dole ya karanta wannan shari'a tare da littafin, domin a ƙaramin gari inda alƙali da ɗan sanda da mai shaida suka san juna tun suna yara, sanayya kan sauƙaƙa zaman tare, amma takan sa gaskiyar marar galihu ta yi wuyar fitowa.